Inda ake kafa jak a ƙaramar jif ta shiga daji, da inda ba a kafawa

Ƙaramar jif ba ta da wani nauyin a-zo-a-gani. Suzuki Jimny mai ƙofa uku da ta fito a 2018 kusan kilo 1,100 ce idan babu kaya a ciki, tsohuwar Samurai kuwa ko tan ɗaya ba ta cika ba. Wannan rashin nauyin ne ke sa mutane yin sakaci da ita, su cusa jak duk inda hannu ya kai. Alhali ta fi motar gari saurin sulɓewa daga kan jak: tana da tsayi daga ƙasa, gajera ce, ba ta da faɗi, sifirin ɗinta yana miƙewa sosai kafin taya ta bar ƙasa, sannan da wuya ta yi faci a kan daɓen siminti. Kusurwa ɗaya ta irin wannan mota tana ɗauke da kilo 300 ko fiye, wanda ya isa ya murƙushe hannu ko ƙirji.

Littafin da kamfani ya haɗo da motar shi ne abin dubawa na farko, domin a ciki akwai zanen wuraren da aka tanada wa jak ɗin da ya zo da ita. Sai dai littafin yana magana ne a kan sabuwar mota, mai tayoyinta na asali, a kan ƙasa mai tauri. Idan an ƙara wa mota tsayi, ko an sa mata manyan tayoyi, ko tsatsa ta fara cin ta, dole mai ita ya san dalilin da ya sa wani wuri ke ɗaukar jak, wani kuma ba ya ɗauka.

Bi hanyar da nauyi ke bi

Nauyin mota yana saukowa ne daga bodi zuwa cesis, daga cesis zuwa sifirin, daga sifirin zuwa aksul, daga aksul zuwa taya. Duk ƙarfen da ke kan wannan hanya an ƙera shi ne don ya ɗauki motar kullum, har da dukan da ramuka ke yi mata. Nan ne wurin jak. Abin da yake rataye kawai a jikin mota, ko yake riƙe da mai ko ruwa, ko aikinsa juyawa ne ko ja da turawa, ba ya kan hanyar, komai kaurin da ya nuna wa ido.

Bayan wannan akwai sharuɗɗa uku da ake dubawa kafin a buga jak ko sau ɗaya. Ƙarfen ya zama lafiyayye, ba wanda tsatsa ta rarake ba. Fuskarsa ta ƙasa ta zama a kwance, ta dace da kan jak, ba a karkace ba. Kuma kada a sami bututun birki, ko waya, ko bakin noti tsakanin kan jak da ƙarfen.

Wane irin gini motar take da shi

Ɗauki tocila ka leƙa ƙarƙashi. Idan ka ga dogayen ƙarafa biyu masu kauri sun taso daga bayan bambar gaba har zuwa ta baya, an haɗa su da wasu a gicciye kamar tsani a kwance, bodi kuma yana zaune a kansu bisa robobi da kusoshi, to motar mai cesis daban ce. Haka Jimny da Samurai suke, haka ma Vitara ta farko da ta fito a 1988. A irin wannan mota ɗora bodi kawai aka yi. Ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa siriri ne. In ka sa masa jak, ko dai ya lotsa, ko ya ɗaga bodin ya bar cesis a ƙasa har robobin da ke tsakaninsu su yage, daga ranar kuma ƙofa ta daina rufuwa daidai.

Idan babu waɗannan dogayen ƙarafan, bodi da ƙasan mota abu ɗaya ne da aka haɗa da walda, kamar Toyota RAV4, Fiat Panda 4x4 da Lada Niva. A nan lamarin ya juya: ƙarƙashin ƙofa ne aka ƙarfafa don jak, amma a 'yan wurare huɗu kaɗai.

Sai ka dubi aksul. Idan bututun ƙarfe guda ne ya haɗa tayar dama da ta hagu, da wani kumburi mai kamar tulu a jikinsa inda haƙoran raba ƙarfi suke, to aksul ɗin ɗauke yake da nauyin motar. Idan kuwa kowace taya tana da hannuwanta daban, sanduna biyu sirara masu robar maiƙo suna kai mata ƙarfi, to tulun yana rataye ne a jikin mota, ba ya ɗauke da komai. Motoci da dama sun haɗa biyun: Niva da tsohuwar Vitara gabansu mai hannuwa ne, bayansu bututu guda. Kada a ɗauka abin da ya yi daidai a baya zai yi daidai a gaba.

Aikin da za a yi shi ke zaɓar wuri

Canjin taya ko aikin birki, a motar da ke da aksul na bututu, a ƙarƙashin aksul ake yi. Dalili kuwa: da zarar jak ya taɓa aksul ya fara hawa, taya ta fara tashi, santimita 3 sun isa. Idan ka ɗaga ta cesis, sai bodi ya yi ta hawa yayin da sifirin ke miƙewa yana barin taya a ƙasa. Kana iya ɗaga santimita 15 zuwa 20 taya tana nan daram, ga motar ta karkata gefe guda, ga jak ya miƙe har ƙarshen tsayinsa, inda ya fi rawa. Motar da aka sa wa dogon sifirin abin ya fi haka muni.

Aikin sifirin, shakazoba, bushin, ko cire aksul gaba ɗaya shi kuma ta cesis ake tokare mota, domin ana son aksul ya sauka babu nauyi a kansa. A nan a lura da robar bututun birki da wayar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki: aksul yana sauka suna miƙewa, in an kwance shakazoba babu abin da zai tsayar da shi sai su. Saboda haka ake barin wani jak a ƙarƙashin aksul yana sauke shi da kaɗan-kaɗan.

Akwai lissafin da mutane da yawa ba sa yi sai a ranar da suka maƙale. Ɗauki taya mai lamba 195/80 R15, irin ta Jimny ta yanzu. Tsayin gefenta kashi 80 cikin 100 ne na milimita 195, wato milimita 156. Da iska a ciki, ƙasan bututun aksul yana kusan santimita 29 zuwa 30 daga ƙasa. In ta sace gaba ɗaya, wannan ɓangaren zai sauka da kusan santimita 12, ya bar maka 17 ko 18. Jak kwalba, wato mai aiki da mai da ke tsaye kamar kwalba, mai tan 2 yawanci kusan santimita 18 ne a rufe, sandarsa kuma ba ta fita fiye da 11 ko 12. To ga matsala biyu a lokaci guda: da ƙyar zai shiga, in ma ya shiga zangonsa ba zai kai santimita 15 ɗin da safaya mai cike da iska ke bukata ba. Dunƙulen da ake murɗawa a kan jak ɗin ba zai cece ka ba, domin ba ya murɗuwa idan nauyi ya hau. Maganin shi ne a taka tayar da ta sace a kan katako mai kaurin santimita 5 zuwa 8 tun kafin a sa jak. Aksul ya tashi, jak ya shiga, zangon da ya rage ya ragu. Ya kamata a gwada wannan a gida, a sace taya da gangan, a ga ko jak ɗin da ke cikin mota yana iya aikin.

A jikin aksul

Wuri mafi kyau shi ne ƙarƙashin bututu, daidai inda sifirin ke zaune ko kusa da nan iyakar iyawa, ta ɓangaren taya. A nan nauyi ke shiga aksul dama can, saboda haka jak ba ya ƙoƙarin lanƙwasa komai. Matsawa can tsakiya, tsakanin mazaunin sifirin da tulu, yana sa jak ya ɗauki nauyin ɓangarori biyu, a kuma inda bututu ya fi saurin lanƙwasa. Aksul ɗin ƙananan motoci ba shi da kauri sosai. In ya lanƙwashe ko da kaɗan ne, ba za a gani da ido ba, sai dai taya ta riƙa cinyewa ta gefe guda, mai kuma ya riƙa tsatsa ta bakin wili.

Bututu zagayayye ne, kan jak kwalba kuwa ɗan ƙaramin faifai ne da bai wuce santimita 3 ko 4 ba. Zagayayyen ƙarfe a kan ɗan faifai, ga laka ko maiƙo, shi ne babban abin da ke jawo sulɓewa. Ana sayar da wani mazauni mai siffar U da ake ɗora wa kan jak don ya rungumi bututun, mai walda ma yana iya yin sa da guntun ƙarfe mai kauri. In babu, a nemi wani ƙarfe mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da aka yi wa walda a jikin bututun, kamar wanda ke riƙe da hannun aksul, muddin mai kauri ne mai bango biyu, ba ɗan kunnen da ke riƙe da shakazoba ba. Wasu motocin suna da ɗan tudun ƙarfe a ƙarƙashin hannun aksul, kusa da inda ya haɗu da bututu, kan jak ɗin kamfani kuma yana da ramin da tudun ke shiga. Wannan wuri na wannan jak ne. Jak mai shimfiɗaɗɗen kai ba zai zauna a kan tudun ba.

Motar da ke da sifirin na ganye a ƙarƙashin aksul, irin Samurai, ta fi sauƙi. Akwai farantin ƙarfe mai kauri da kusoshin U ke ɗaure shi, nan ake sa jak, a tsakiyar farantin, tsakanin notuna huɗun. Kada kan jak ya hau bakin kusa, zai daƙile zaren, ranar kwancewa a sha wuya. Kada kuma a sa shi a jikin ganyen nesa da aksul, domin a karkace yake, yana kuma motsi yayin da nauyi ke canzawa.

Tulun aksul fa? A aksul na bututu, mai gidan ƙarfe, makanikai suna ɗaga gaba ɗaya ko baya ɗaya ta nan da jak mai tayoyi, kamfanoni da dama ma sun yarda da hakan a littafin gyara. Amma da sharaɗi. Kan jak ya zauna a ƙarƙashin gidan kansa, kada ya taɓa leɓen murfi, in akwai murfi, domin in ya lanƙwashe sai mai ya fara ɗiga. Kada ya hau kan notin zubar da mai. A yi a kan daɓe mai tauri kawai, kuma da jak mai faffaɗan kai, ba jak kwalba ko mai almakashi ba. A kuma tuna cewa tulun gaba ba a tsakiya yake ba, an gusar da shi gefe don ya kauce wa injin, saboda haka taya ɗaya za ta riga ɗayar tashi, mota ta karkata. Ba laifi ba ne in an sani, amma yana nufin matokaran ƙarfe biyun da ake tokare mota da su bayan ɗagawa ba za su shiga a lokaci guda ba.

Tulun da ke rataye a motar mai hannuwa galibi alminiyam ne, robobi ke riƙe da shi. Sai in littafin motar ya faɗa ƙarara, a bar shi.

A jikin cesis

A zaɓi inda dogon ƙarfen ya miƙe a kwance, bayan tayar gaba ko gaban tayar baya, kusa da inda hannun aksul ko kunnen sifirin ya kama, ko inda ƙarfen gicciye ya haɗu da shi. A waɗannan wuraren ƙarfe ninki biyu ne. Inda cesis ya hau sama don ya tsallake aksul a karkace yake, jak zai zame. Can ƙarshen wutsiya kuma, bayan sifirin na baya, shi ne ya fi kowane ɓangare siranta da cin tsatsa.

Cesis akwati ne, cikinsa fanko. Ɗan ƙaramin kan jak yana iya lotsa tsakiyar ƙasansa ko da babu tsatsa. Sa guntun katako mai tauri ko roba mai kauri wanda faɗinsa ya kai faɗin ƙarfen, don nauyi ya hau bangayen gefe biyu. Katakon a kwance zarensa zai kasance, a gicciye da kan jak. In an tsayar da shi tsagewa zai yi. Kafin jak ya taɓa, shafa hannu ta cikin ƙarfen, domin nan bututun mai da na birki ke bi, wani lokaci suna leƙowa ƙasa.

Ƙarafan gicciye ba duka ɗaya ba ne. Wanda aka yi wa walda mai kauri yana ɗauka. Wanda aka ɗaure da kusoshi huɗu don ya riƙe giyabos kawai, ba don mota aka yi shi ba.

Motar da ba ta da cesis daban

A ƙarƙashin ƙofa akwai wani leɓen ƙarfe da ya leƙo ƙasa, inda aka matse fallaye aka yi musu walda. Bi shi da yatsa daga bayan tayar gaba, cikin taƙi guda ko makamancin haka za ka ji 'yan tsagogi biyu, ko ka ga alamar kibiya a jikin roba. Tsakanin tsagogin nan ne aka ƙara ƙarfe a ciki. Haka yake a gaban tayar baya. Jak mai almakashi na kamfani yana da tsaga a kansa da leɓen ke shiga. In jak mai tayoyi za a sa, sai da roba mai tsaga, in ba haka ba leɓen ya kwanta, fenti ya fashe, ruwa ya sami hanya. Niva ita kuma 'yan mazaunai aka yi mata da walda a ƙarƙashin ƙofa inda hannun jak ɗinta ke shiga, kuma tsatsa tana yawan cin su.

Don ɗaga gaba ɗaya, a nemi babban ƙarfen da hannuwan taya ke kama wa, wanda aka ɗaure a jikin bodi da manyan kusoshi. Shi ma a tsakiyarsa ko kusa da kusoshin, ba a jikin farantin kariya da ke rufe shi ba.

Babur mai ƙafa huɗu da ƙananan motocin gona masu kujera biyu suna bin wannan ƙa'ida: bututun firam na tsakiya, ba robar kariya ba, ba kuma tsakiyar hannuwan taya ba.

Wuraren da jak ba ya taɓawa

Kaskon baƙin mai na injin, giyabos, akwatin ogzilari da ke raba ƙarfi gaba da baya, tankin mai, salansa, farfela (doguwar sandar da ke juyawa tana kai ƙarfi ga aksul), ƙasan lagireto, daɓen da ake taka ƙafa, bambar roba, matakalar gefe ta ado, da batirin motar lantarki. Waɗannan kowa ya ji ya san dalili. Masu yaudara su ne sandunan da ke kusa da aksul na gaba: tayarod, sandar da ta taso daga akwatin sitiyari, da sandar da ke gicciye tana hana aksul gocewa gefe. A duhu, ga laka, suna kama da wurin jak, sun kuma fi aksul kusa da hannu. An yi su ne don ja da turawa ta tsawonsu. Nauyi daga ƙasa yana lanƙwasa su nan take, sitiyari ya karkace. Farantin kariya ma haka, ko da na ƙarfe ne: yana lotsawa ya danne abin da aka sa shi ya kare.

Gwajin tsatsa

Motar da ke shiga ruwa da laka tana ruɓewa ne daga ciki, domin laka tana kwanciya cikin cesis ta riƙe danshi. Daga waje, musamman in an shafa baƙin fenti mai kauri, sai a ga kamar lafiya. Kankare wurin da buroshin waya, ka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, guduma ta dawo. Ruɓaɓɓe yana amsawa a dushe, ɓawo yana zubowa, wani lokaci ka ji garin tsatsa yana zuba a ciki. Danna bakin sukuddireba da ƙarfi. In ya nutse ko wurin ya motsa, matsa gaba, kuma a kai wa mai walda, domin wurin da ba zai ɗauki jak ba bai kamata ya ɗauki mota a kan hanya ba. Kumburin da ke tsakanin fallaye biyu na ƙarfe shi ma alama ce, tsatsa ce ke tura su.

Ƙasa, giya da weji

In taya ta sace a kan gangare, a lallaɓa da motar a hankali zuwa wuri shimfiɗaɗɗe. Gara a lalata taya. Kowa ya sauka daga mota, a kashe injin.

Gindin jak kwalba kusan santimita 10 ne sau 10. Kilo 400 a kansa yana nufin kilo 4 a kan kowane santimita murabba'i, yashi ko laka ba sa ɗaukar haka, kwalta mai zafi ma tana lotsawa. Katako mai santimita 30 sau 30 yana mayar da shi ƙasa da rabin kilo. Ya zama mai tauri, kaurin santimita 4 zuwa 5, ko fulawud mai milimita 18 ninki biyu a manne. Share wurin, tona har ka kai ƙasa mai ƙarfi, ka daidaita ta kafin ka ajiye shi, domin nutsewa ta gefe guda ta fi nutsewa gaba ɗaya haɗari. Bulo da tubali ba sa shiga wannan aiki ko kusa, fashewa suke yi farat ɗaya ba tare da wata alama ba. Wata dabara a ƙasa mai laushi: maimakon ƙara ɗaga mota don safaya ta shiga, a tona ɗan rami a ƙarƙashin tayar.

Ja hambirki, sa giya ta ɗaya, ko P a mai otomatik, ka kuma shigar da 4L, wato ƙaramar giyar da ke jan tayoyi huɗu. Ga dalilin: in tayoyin baya kaɗai ke jan mota, ka ɗaga tayar baya ɗaya, giya ta daina riƙe komai, domin haƙoran cikin tulu za su bar tayar da ke sama ta juya yayin da motar ke gangarawa. Motocin da hambirkinsu ke kama farfela maimakon tayoyi, irin Suzuki SJ410 da tsohuwar Land Rover Defender, hambirkin ma ya tashi aiki ke nan. In makullan da ke haɗa tayoyin gaba da aksul na hannu ne, a kulle su, in ba haka ba 4L ɗin bai kai ga tayoyin gaba ba. Duk da haka weji dole ne: gaba da bayan tayar da ke kusurwar da ke kallon wadda za a ɗaga. Za a ɗaga ta baya ta hagu, weji a ta gaba ta dama. In baya gaba ɗaya za a ɗaga, tayoyin gaba biyun duka.

Ɗagawa

Sassauta notuna da kwatan juyi tun taya tana ƙasa. Tsayar da jak tsaf a miƙe, ka dube shi daga gaba, ka dube shi daga gefe. Buga har kansa ya taɓa ƙarfe ya ɗan ɗauki nauyi, sai ka dakata ka haska tocila: yana tsakiya? Akwai abin da ya matse? Ci gaba a hankali, kana sauraro. Ƙarar ƙarfe yana lotsawa, ko zubar tsatsa, ko jak yana hawa amma mota ba ta tashi, duka ma'anarsu ɗaya: sauke ka canza wuri. Mota tana tashi tana ɗan zagayawa ne a kan tayoyin da ke ƙasa, saboda haka jak ɗin da ya fara a miƙe yana iya karkata a rabin hanya. In ya karkata, ba a gyara shi da nauyi a kai.

Jak mai tayoyi yana da nasa halin. Hannunsa zagaye yake yi, dole jak ɗin ya riƙa gungurowa ƙarƙashin mota yayin da yake hawa. A kan tsakuwa ko yashi tayoyinsa ba sa motsi, sai ya jawo motar, ko kansa ya zame daga ƙarfen.

Jak ɗagawa kawai yake yi. Mai aiki da mai ɗan zoben roba ne ke riƙe da matsinsa, mai almakashi kuma zare ne da ke cinyewa. Kafin hannu ko kai ya shiga ƙarƙashi, sai an sa matokarin ƙarfe mai ƙafafu, a ƙarƙashin bututun aksul kusa da sifirin ko a ƙarƙashin cesis, biyu a tsayi ɗaya, kowanne a kan katako in ƙasa ba siminti ba ce. Wannan yana nufin tun farko a bar wa matokari wurin da ya fi kyau, jak ya ɗan matsa gefe. Adadin da aka rubuta a jikin matokari sau da yawa na guda biyu ne a haɗe, tan 2 ya ishi ƙaramar jif. Sauke motar a kansu, ka bar jak yana taɓawa kawai, sannan ka kama bamba ka girgiza da ƙarfi. In za ta faɗi, ta faɗi yanzu. A daji, inda babu matokari, tayar da aka cire a kwantar da ita a ƙarƙashin cesis, kuma aikin ya tsaya a canjin taya.

In ƙafa huɗu za a ɗaga, a yi hawa-hawa. Mota gajera tana karkata sosai idan ɓangare ɗaya ya yi sama, kuma ɗaga na biyu yana jan matokaran farko, sai a riƙa komawa ana duba ko ƙafafunsu duka suna ƙasa.

Dogon jak na ƙarfe

Wanda aka fi sani da sunan Hi-Lift, mai tsawon inci 48 ko 60, an rubuta masa ɗaukar kilo 2,100 da ɗoriya, ya fi ƙarfin ƙaramar jif nesa. Matsalarsa wurin kamawa. Motar da ta fito daga kamfani da bambar roba ba ta da inda zai kama ko ɗaya. Sai an sa mata bambar ƙarfe ko ƙarfen kariya na gefe da aka ɗaure a jikin cesis kai tsaye, mai tsaga ko ramin da harshen jak zai zauna. Ana kuma amfani da ƙugiya mai igiya da ke kama wili, wadda ke ɗaga taya daga rami don a cusa duwatsu ko katako a ƙarƙashinta, amma ba ta da amfani wajen canjin taya, tunda wilin take riƙe da shi.

Da yake bodi yake ɗagawa, matsalar miƙewar sifirin ta dawo. A ɗaure aksul da cesis da igiyar matsi mai ƙarfi tun mota tana ƙasa, sai taya ta tashi tare da bodi. Sandar jak ɗin tana karkatowa wajen mota yayin hawa, tana iya lotsa ƙofa. Hannunsa kuwa, musamman wajen saukewa, in ya kuɓuce yana harbowa sama da ƙarfin da ke karya muƙamuƙi, don haka kai da kafaɗa ba sa shiga tsakanin hannun da sandar. In za a saki, a tsayar da hannun a jikin sanda. Idan an juya shi zuwa saukewa kuma nauyin da ke kansa ya yi ƙasa da kilo 68, kan jak ɗin gaba ɗaya faɗowa yake yi, ƙafa kada ta kasance a wurin. Kayan fitar da mota ne daga inda ta maƙale, ba a shiga ƙarƙashin motar da ke kansa.

Saukewa

Ɗaura notuna da hannu, a tsallake-tsallake, har wili ya zauna. Ɗaga kaɗan, zare matokari da tayar da aka kwantar, buɗe bawul ɗin jak da ɗan juyi kaɗan don mota ta sauka sannu. Tana ƙasa sai a matse sosai, a tsallake kamar ɗazu. A ƙananan motoci irin waɗannan adadin yakan kama kusan Nm 100 a ma'aunin ƙarfin matse noti, amma na littafin motarka shi ne abin bi. A sake dubawa bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Kafin a tattara kaya, a haska wurin da jak ya zauna. In fenti ya kankare, a goge a shafa wani kafin tsatsa ta kama. In wurin ya yi aiki lafiya, a ɗiga masa farin fenti ko ruwan ɗorawa a gefe, a yi haka a kusurwa huɗun, don wanda zai canza taya cikin dare ya gane shi da tocila.